Takin Jemage da Numfashin Yayana

Laifina ne. Na fara da wannan don kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen neman wanda za a zarga. Yayana ya rasa ƙarfin numfashinsa saboda ƙarya guda ɗaya da na yi masa, sannan na yi wata takwas ina gadin ƙaryar nan kamar wadda na gada.

A zamanin Turawa ne, cikin shekarun da aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukanmu. Ƙauyenmu yana kusa da Gubuchi, muna noman rake a fadama, dawa da gyaɗa a tudu. Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da Yaya, wanda ya ba ni shekara bakwai, kuma shi ne ladanin masallacin unguwa. Allah ya ba shi murya. In ya kira la'asar, mutanen da ke can ƙarshen fadama sai su ajiye fartanya, Fulanin rugar hayin rafi ma da kiransa suke salla. Shi ne ya ce in shiga aji, ya ɗauke mini rabin aikin gona don in samu zuwa. A lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, saboda haka ba ni da uzurin ƙuruciya.

Wata shida na yi a aji aka ba ni takardar shaida. Iyakar karatuna ke nan har yau. Amma da ka ga yadda nake tafiya a ƙauye, sai ka rantse ni na rubuta littattafan. Na sayi fensir na maƙala a bayan kunne, ko ban ruwa zan je yana nan. In aka kawo mini wasiƙa in karanta, sai na sa an jira ni na wanke hannu. Na kuma ɗauko tambaya ɗaya daga bakin malamin ajinmu, na mai da ita sandar dukan mutane: "Mene ne dalili?" Matata ta ce kada a zauna a kan turmi, mene ne dalili? Inna ta ce kada a yi shara bayan magariba, mene ne dalili? Har ta kai in na shigo gida sai hira ta mutu.

Arewa da fadamarmu akwai wani dutse mai kogo. Bakinsa ƙanƙane ne, sai an sunkuya ake shiga, amma cikinsa ya fi zauren mai gari faɗi. Jemagu ne ke kwana a ciki tun kafin a haifi kakanninmu, kashinsu ya taru a ƙasa ya yi tudu. Duk manomin rake ya san babu taki irinsa. Sai dai ba a ɗibarsa yadda aka ga dama. Kawu, wan mahaifiyarmu, shi ke jagorancin ɗibar, sau ɗaya a shekara, bayan ruwa ya zauna, lokacin da ƙasan kogon ya yi danshi. Duk da danshin, sai an je da tuluna an yayyafa ruwa tun daga baki, ana matsawa ciki a hankali. Kowa ya ɗaure hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da sakaina ake kwasa, ba a shiga da tsintsiya, ba a surutu, ba a daɗewa. Mai tari kuwa a waje yake tsayawa ya riƙe jakuna.

Ni na sha shiga tare da su, ban taɓa ganin aibun abin ba sai da na sami fensir.

Wata rana a tsakiyar bazara muna zaune a gindin tsamiya ana maganar yadda rake ya yi ja saboda rashin taki, sai na gyara murya.

"Kawu, mene ne dalilin jiran damina kafin a shiga kogo?"

"Haka muka tarar."

"To ruwan nan da ake zubawa fa?"

"Shi ma haka muka tarar."

"Su waɗanda kuka tarar ɗin, mene ne dalilinsu?"

Ya ci gaba da ɓare goronsa, ya ce, "Ban tambaye su ba, malam mai fensir. A lokacinmu ba a fara kai manya ƙara gaban yara ba tukuna."

Aka kwashe da dariya. Da ina da hankali da na yi dariyar tare da su na tashi. Maimakon haka sai na miƙe na yi musu lacca. Na ce jiƙaƙƙen taki ya ninka busasshe nauyi, ruwa kawai muke ɗora wa jakuna. Na ce rake yanzu yake bukatar taki, ba sai damina ba. Na rufe da cewa duk wannan camfi ne na mutanen da ba su san baƙi ba. A gaban jama'a na faɗa wa wan uwata haka.

Kawu bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Kogo yana nan, ba a sa masa ƙyaure ba. Amma in za ka je, ɗan nan, ka je kai kaɗai."

Ni kaɗai kuwa ba zan iya ba, don ina tsoron kogon nan. Wannan ma, ban da Yaya, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Saboda haka na je na sami Yaya a zaure yana gyaran igiyar guga.

"Yaya, ranar kasuwar Makarfi mu je mu ɗebo taki. Mu biyu kawai."

"Ba ka ji abin da Kawu ya ce ba?"

"Kawu bai yi karatu ba."

Ya ci gaba da murza igiya a cinya. Can ya ce, "Kai a takarda ka gani cewa babu komai?"

Akwai wata 'yar takarda ta malaman gona da aka raba mana a aji. Abin da ke ciki kawai shi ne a riƙa zuba taki a gona. Babu kogo a ciki, babu jemage. Na dubi Yaya ido da ido na ce, "A takarda na gani."

"To shi ke nan," in ji shi. "In dai a takarda ne."

Ya yarda da takarda ne saboda ya yarda da ni. Shi ya yi noman da ya ba ni damar koyon karanta ta.

Ranar kasuwa, da maza suka watse, muka kora jakuna biyu da buhuna da tsintsiyar kwakwa biyu da fitilar ƙwai. Hantsi ya yi sosai lokacin da muka isa, rana tana ƙuna. A bakin kogo Yaya ya kwance gefen rawaninsa, ya jiƙa da ruwan gorarmu, ya rufe hancinsa. Na ce masa, "Haba Yaya, ai wannan ma yana cikin camfin." Ya ji kunya ya sauke.

Ba zan manta warin ba, wari mai hawa kai har idanu su yi ruwa. Takin ya bushe ya zama gari, ƙafa tana nutsewa a cikinsa. Yaya ya wuce can ciki da tsintsiya yana tarawa. Ni kuwa, da yake ni ne mai ilimi, sai na zaɓar wa kaina aikin riƙe bakin buhu a kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa, ina ba da umarni. Shara uku ya yi ƙura ta tashi ta cika kogon, har hasken fitila ya koma kamar garwashi. Jemagu suka ruɗe suna kaɗa fukafukai, suna ƙara tayar da ita. Ina jin Yaya yana tari daga ciki, ina ce masa ya ƙara himma saura kaɗan. Da muka fito, gemunsa da girarsa sun yi fari fat, in ya tofar da yawu baƙi ne. Muka cika buhu shida. Na ɗaga ɗaya da hannu guda don ya ga rashin nauyinsa, na ce, "Ka ga amfanin karatu?"

Muka wuce fadama kai tsaye muka turbuɗe takin a gindin rake kafin 'yan kasuwa su dawo. Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Niyyata sai rake ya yi kyau in tara mutane a gindin tsamiya in ba su mamaki.

Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya kwantar da mu a rana ɗaya. Ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, ƙirji kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Inna ta ce shawara ce, aka dafa mana saiwoyi. Ni na yi mako uku na miƙe, na rame kaɗan, shi ke nan. Yaya bai miƙe ba. Zazzaɓin ya sauka ya dawo, tarin ya zauna, zufa tana jiƙa masa riga. Ya lallaɓa ya je kiran azahar wata rana, ya ɗaga murya, kafin ya kai ƙarshen kalmar shahada numfashi ya yanke masa, tari ya sarƙe shi, sai da aka riƙo shi aka zaunar.

Na kai shi shakatafi, wato ƙaramin asibiti, a Makarfi aka ba shi ruwan magani a kwalba, bai yi komai ba. Da damina ta yi nisa, wuyansa ya zama kamar sillen kara, sai mutane suka yanke hukunci da kansu: tarin fuka ne. A wancan zamani in aka ce mutum yana da tarin fuka, an gama da shi. Aka ware masa kwano da moɗa. Matarsa ta kwashe yara ta kai su ɗakin Inna tana kuka. Masu zuwa gaisuwa suka koma tsayawa daga bakin zaure suna ɗaga murya, "Ya jiki, ladan?" A masallaci ya lura ana barin gurbi a gefensa, sai ya koma shimfiɗa buzunsa a waje, bayan sahu.

Ni na san tare muka kwanta, na san inda muka je. Shi ma ya sani. Bai taɓa buɗe baki ba, don na roƙe shi, kuma ya san in maganar ta fito ba ni da sauran fuska a ƙauyen.

Sai ga abin da ya fi komai ban kunya. Liman ya ce masallaci ba zai zauna babu ladan ba, tunda ƙanensa yana nan, ga shi kuma mai karatu, ya riƙe. Na karɓa. Har da ɗinka sabuwar hula. Muryata kuwa, Allah ya sani, ba ta wuce katangar masallaci, in na matsa mata sai ta tsage. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce mini, "Malam, in ka gama kiran ka riƙa aiko mana da wasiƙa, don mu san an kira." Fulanin hayi suka aiko suna tambaya ko an daina salla a garinmu ne. Sau biyar a rana ina tsayawa a inda Yaya yake tsayawa, shi kuma yana zaune a buzunsa yana sauraro.

Raken kuwa ya yi kyau, har ya yi mini yawa. Ya yi kore shar, ya fi na kowa tsawo, mai wucewa sai ya tsaya ya duba. Na kasa tara kowa a gindin tsamiya. Wata safiya ina cikin raken sai ga Kawu. Ya sunkuya ya tona gindin ɗaya da ɗan yatsa, ya shinshina ƙasar, ya kakkaɓe hannu.

"Rakenka ya yi kyau bana."

"Alhamdu lillahi, Kawu."

"Wane irin taki ne?"

"Na... na awaki ne."

"Awakinku suna da fukafukai ke nan." Ya dube ni har na sunkuyar da kai. "Ni ban ga komai da idona ba, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Amma ɗan'uwanka yana cin abinci shi kaɗai. Ka kai shi Zariya."

Na kai shi, a bayan babbar motar 'yan kasuwa, yana jingine da buhunan gyaɗa. A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka karɓi kakinsa har sau uku, muka yi kwanaki. Ranar da likita ya kira mu, Bature ne, da tafinta a gefensa, ya ce sun duba ba su ga ƙwayar tarin fuka ba. Ya yi ta tambayoyi. Sana'arsa? Yana shan taba? Sannan tafinta ya ce, "Likita yana tambaya, kafin ciwon nan ya fara, ko ya share tsohon akurkin kaji, ko ya shiga wurin da jemagu ke kwana?"

Yaya ya dubi ƙasa ya ce, "Ni dai manomi ne."

A gaban likita, da ransa a hannu, yana rufa mini asiri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, da wata 'yar murya, "Mun shiga kogo." Tafinta ya sa na maimaita, don bai ji ba. Na ba da labarin duka, da tsintsiya da komai.

Likita ya gyaɗa kai ya yi bayani. Ya ce akwai wata irin fumfuna da ke tsirowa a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe a kanta, ido ba ya ganinta. In wurin ya bushe aka tayar da ƙura, sai ta bi numfashi ta sauka a huhu. Wanda ya shaƙi kaɗan yakan yi zazzaɓi ya warke, wani ma ba zai san ya kamu ba. Wanda ya shaƙa da yawa tana iya yi masa tabo a huhu, alamunta kuma kamar na tarin fuka. Amma ba ta tashi daga mutum ta kama wani, ko da kwano ɗaya suke ci. Ya ce ba su da maganinta a nan, sai hutu da abinci mai kyau, sauran na Allah ne.

Na ce wa tafinta ya tambaye shi, da an yayyafa ruwa fa, an rufe hanci? Likita ya ce rashin shiga ya fi, amma in dole ne, abin da ya kamata a yi ke nan. Ya tambaya wa ya koya mana haka. Na ce wani kawuna ne. Ya ce lalle kawun nan ya san aikinsa.

Mai karatu zai zaci da muka dawo na tafi wurin jama'a kai tsaye. Ban je ba. Na karɓo takarda daga asibiti, na tsaya a gindin tsamiya na karanta musu da ƙarfi, da Turancin da ban iya ba, na fassara cewa likita ya ce ba tarin fuka ba ne. Aka ce to mene ne? Na ce wani ciwo ne na huhu mai dogon suna. Aka ce a ina ya samo shi? Na ce Allah ne ya kawo. Mutane suka dubi juna. Wani ya ce, "Ai ɗan'uwansa ne, me kake so ya ce?" Kwanon Yaya ya ci gaba da zama a ware. Rabin gaskiyar da na kawo ba ta matsar da buzunsa ko taku ɗaya ba.

Haka muka kai kaka. Ranar da aka fara saran rake ana kaiwa wurin matsa don yin mazarƙwaila, na dawo gida da rana na tarar da ƙaramar 'yar Yaya ta sulale daga ɗakin Inna ta nufi wurin ubanta. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, sai uwar ta fito da gudu ta fizge ta. Ya mai da hannunsa kan gwiwa, ya juya ya ga ina tsaye, ya yi mini sannu da aiki.

Ranar nan bayan sallar la'asar, kafin mutane su tashi, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗi komai: ranar kasuwa, tsintsiya, rawanin da na sa ya sauke, inda na tsaya da inda na tura shi, abin da likita ya ce game da fumfuna da ƙura, da cewa ba ta kama wani. Na ce abin da na ce na gani a takarda babu shi. Na juya wurin Kawu na durƙusa na ce ya yafe mini abin da na faɗa masa a gindin tsamiya.

Kawu ya ce, "Ni me ka yi mini? Ni numfashina yana nan. Tashi, ba nan za ka durƙusa ba."

Liman ya tashi ya fita da kansa ya ɗauko buzun Yaya ya shimfiɗa a sahun gaba. Mutane ba su saki jiki a rana ɗaya ba, amma kafin a gama saran rake yaransa sun koma ɗakinsa. Jikinsa ya dawo kaɗan kaɗan, ya rayu shekaru masu yawa, ya yi noma daidai ƙarfinsa. Kiran salla dai bai sake yi ba. Ya gwada sau biyu, numfashin ba ya kaiwa. Ni ma na sauka, aka ba wani.

Amma a ranar nan, da aka watse daga masallaci, sai na ga ashe magana a gaban jama'a ita ce mai sauƙi, don ko a nan ma na sami masu saurare, ni kuwa ina son masu saurare. Yaya ne ban ce wa komai ba. Na same shi a zaure shi kaɗai, yana hutawa daga 'yar tafiyar da ya yi daga masallaci, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na cire hula na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ya ce, "Ai da ka bari. Yanzu yaya za ka yi da mutane?"

Na ce, "Yaya, bar maganar mutane. Ka tambaye ni ko a takarda na gani, na ce maka e, alhali ban gani ba. Tsoron kogon nake ji, shi ya sa na tura ka ciki na tsaya a ƙofa. Na bar ka kana ci kai kaɗai wata da watanni, na hau wurinka a masallaci, duk don kada a yi mini dariya. Ba ni da abin da zan mayar maka da shi. Na cuce ka, Yaya. Don Allah ka yafe mini."